Sanƙarau: Me ya sa yake dawowa duk bazara, alhali an yi riga-kafi?

Da zarar hunturu ya ja baya, zafi ya fara kankama, sai labarin sanƙarau ya dawo gidajen rediyo. A farkon 2023 Damagaram da Jigawa ne suka sha fama, a 2024 Yobe da Bauchi da Gombe suka shiga sahu, a watan Maris na 2025 kuma aka ji shi a Gwandu da Jega da Aliero a jihar Kebbi. Duk lokacin da ya ɓulla, tambayoyin jama'a ba sa canzawa. Ba an bi gari-gari an yi wa matasa allura shekarun baya, har aka ce an ga bayansa ba? Zafi ne ke kawo shi? Ta yaya yaron da ya yi wasa jiya da safe za a ce yau da yamma an kai shi makwanci? Kuma gaskiya ne ɗibar ruwan baya da ake yi a asibiti ita ke ƙarasa maras lafiya?

Duk tambayoyin nan suna da amsa, kuma rashin sanin amsar yana cin rayuka.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Tantani uku ne suka lulluɓe ƙwaƙwalwa, suka gangara tare da laka har cikin ƙashin baya. Na waje mai kauri ne, yana jingine da ƙashi. Na ciki manne yake da ƙwaƙwalwar, yana bin kowane lungu nata. Tsakanin na ciki da na tsakiya akwai wani ruwa garau da ƙwaƙwalwa ke shawagi a cikinsa, kimanin mililita 150 a jikin babba, kuma jiki na samar da kusan mililita 500 a kullum yana sabunta shi. Kumburin waɗannan tantani shi ne sanƙarau.

Jiki ya gina shinge tsakanin jini da wannan ruwa, wanda ke hana yawancin ƙwayoyin cuta tsallakawa. Matsalar ita ce bayan shingen babu tsaro sosai. A ruwan mai lafiya, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta ba sa wuce 5 a kowace maikurolita, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita. Idan bakteriya ta samu ta kutsa, ta tarar da sukarin da za ta ci, ba ta tarar da mai hana ta ba, sai ta yi ta ninka kanta. Kafin jiki ya farga ta yi yawa. Daga nan ne fararen ƙwayoyin jini za su kwararo dubbai, ruwan ya gurɓace ya koma kamar ruwan mugunya, ƙwaƙwalwa ta fara kumbura. Ƙoƙon kan babba kuwa ba ya buɗewa. Matsi sai ya ƙaru a ciki, jini ya kasa isa wasu sassa, jijiyoyin ji da gani da suka ratsa ta cikin wannan ruwa su ƙone da kumburin. Daga nan ciwon kai mai tsanani da amai da gushewar hankali da kurumta suke fitowa.

Akwai fuska ta biyu da ta fi wannan saurin kisa. Wani lokaci ƙwayar tana yaɗuwa a cikin jini ne kafin ta kai ga ƙwaƙwalwa, tana sakin dafin da ke sa ƙananan jijiyoyin jini yoyo. Ƙarfin gudun jini ya faɗi, ƙoda ta tsaya, yatsu su fara baƙi don jini ya daina isa gare su. Mai irin wannan yana iya rasuwa cikin awa 24 wuyansa bai taɓa sanƙarewa ba.

Ƙwayoyin ba iri ɗaya ba ne

Bairas na iya kawo sanƙarau, kuma galibi yana zuwa da sauƙi, ya tafi da kansa cikin kwana 7 zuwa 10. Ƙwayar tarin fuka na kawo nata, mai tafiyar hawainiya na makonni. Akwai kuma na funfuna, wanda ya fi kama masu ƙanjamau da garkuwar jikinsu ta yi ƙasa sosai. Amma wanda ke ɗauke mutum cikin kwana ɗaya ko biyu na bakteriya ne, kuma guda huɗu ne manya: meningokokas, nimokokas, hemofilas nau'in b, da wata da jariri ke ɗauka daga mahaifiyarsa lokacin haihuwa.

Nimokokas, wadda ita ce ke kawo yawancin ciwon namoniya, ta fi kisa da nakasa idan ta hau kai, kuma yara masu sikila sun fi kowa shiga haɗarinta saboda saifarsu ba ta aiki yadda ya kamata. Annobar da aka yi a yankin Brong Ahafo na Ghana a 2016 akasarinta nimokokas ce. Amma manyan annobar da suka saba share garuruwa a ƙasar Hausa aikin meningokokas ne.

Ita meningokokas tana sanye da wata riga ta sukari da ke ɓoye ta daga garkuwar jiki. Rigar kala 12 ce, shida daga ciki ne ke haddasa kusan duk cutar: A, B, C, W, X da Y. Allurar riga-kafi tana koya wa jiki gane riga ce, don haka jikin da aka koya wa gane A zai bar mai sanye da C ta wuce ta gabansa. Wannan shi ne mabuɗin tambayar farko, za a kuma dawo kanta.

Zafi ne, ko ƙura, ko cunkoso?

Meningokokas ba ta rayuwa a ruwa ko abinci ko jikin dabba. A maƙogwaro da bayan hancin ɗan Adam kaɗai take zama, kuma da ta fita waje ta bushe sai ta mutu. A kowane lokaci, mutum 5 zuwa 10 cikin 100 suna ɗauke da ita lafiyarsu ƙalau, lokacin annoba adadin yakan haura haka. Tana tsallakawa daga mutum zuwa mutum ta tari da atishawa da yawu, musamman ga waɗanda ke kwana ɗaki ɗaya. Shi ya sa yawancin waɗanda suka kamu ba su taɓa kusantar mai sanƙarau ba: daga lafiyayye suka ɗauka. Daga ɗauka zuwa bayyanar ciwo kwana 2 ne zuwa 10, galibi 4.

Da zafi kaɗai ne sababi, da Legas da Fatakwal ba su tsira ba. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana yankin da annobar ke maimaituwa, ya ga ya yi daidai da inda ruwan sama na shekara yake tsakanin milimita 300 da 1,100. Yau yankin ya taɓa ƙasashe 26, daga Senegal zuwa Habasha, kuma arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna tsakiyarsa. Abin da ya haɗa waɗannan wurare shi ne doguwar rani mai busasshiyar iska da ƙura. Iskar da ke tsattsaga leɓe ta kawo haɓo, ita ce ke gurje lallausar fatar cikin hanci da maƙogwaro. Mura da tari na hunturu su ƙara raunana ta, hayaƙin itace da na taba su daɗa. Ƙwayar da ta yi watanni zaune ba ta cutar da kowa sai ta sami ƙofar shiga jini. Shi ya sa cutar ke fara ɗagowa daga Disamba, ta kai ƙololuwa a Maris da Afrilu, sannan ta lafa da saukar damina.

Saboda haka shawarar da iyaye suka gada, cewa a buɗe taga a rage yawan masu kwana ɗaki guda lokacin bazara, daidai take. Amfaninta shi ne rage shaƙar numfashin juna. Inda ba a iya yin haka nan cutar ta fi ɓarna: ɗakunan kwanan ɗalibai, tsangayu, gidajen yari, barikoki, sansanonin 'yan gudun hijira, da bukkokin masu haƙar ma'adinai.

Jiran wuya ya sanƙare

Nan ne aka fi asarar rai. Mutane da yawa ba sa kawo sanƙarau a ransu sai sun ga wuya ya ƙage, kai ya karkata baya. Alhali ko a cikin manya, waɗanda ke zuwa da zazzaɓi da sanƙarewar wuya da gushewar hankali gaba ɗaya ba su kai rabi ba. Abin da ya fi yawa shi ne a ga biyu daga cikin huɗu: zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, ciwon kan da maras lafiya zai ce bai taɓa jin irinsa ba, wuya, da sauyin hankali kamar sambatu ko barcin da ba a iya tashinsa sosai. Sau da yawa akwai amai da ƙin haske.

Gwada wuya ba shi da wahala. A kwantar da mutum rigingine ba matashi, a sa hannu ƙarƙashin ƙeyarsa a ɗago a hankali don haɓa ta nufi ƙirji. Idan ya ƙage, ko ya yi ƙara, ko gwiwoyinsa suka lanƙwashe da kansu, alama ce. Iya waiwayawa hagu da dama ba ya nuna lafiya, domin sunkuyarwa ce ke jan tantanin.

Ga jarirai da yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya da rabi, wuya ba abin dogaro ba ne ko kaɗan. A duba ƙin kama nono, kuka mai tsini wanda ke ƙaruwa idan an ɗauke shi, jiki ya saki laƙwas ko ya riƙa banƙarewa, jijjiga, da maɗiga. Ana duba maɗiga ne yaro na zaune a miƙe ba ya kuka: idan ta taso ta yi tauri, matsi ya ƙaru a cikin kai. Jariri sabon haihuwa ma jikinsa na iya yin sanyi maimakon zafi.

Alamun shigar ƙwayar cikin jini sukan riga sauran fitowa: hannu da ƙafa sanyi ƙalau alhali jiki ya yi zafi, ciwon ƙafafu har yaro ya ƙi tsayawa, numfashi da sauri, sai ɗige-ɗige ja ko baƙi a fata. A baƙar fata suna da wuyar gani, don haka a duba tafin hannu da tafin ƙafa, cikin fatar ido, da dasashi da ganɗa. A danna gefen kofin gilashi a kansu. Ƙurajen ƙyanda da na zafi sukan dushe idan an danna, waɗannan kuwa ba sa dushewa, domin jini ne ya tsiyaya ƙarƙashin fata. Wanda aka ga wannan a jikinsa, ko tsakar dare ne a nemi abin hawa.

Abu biyu ne suka fi ɓatar da mutane. Na farko maleriya. Gwajin yatsa na iya nuna maleriya a jikin yaron da sanƙarau ke ci, domin yara da yawa na ɗauke da ƙwayar maleriya a jininsu ko suna lafiya. Kuma a yankin Sahel Maris da Afrilu lokaci ne da sauro ya yi ƙaranci. Zazzaɓi mai tsanani da ciwon kai a tsakiyar bazara bai kamata a sallame shi da maganin maleriya kawai a ce a dawo bayan kwana uku ba. Na biyu, sambatu da fizge-fizge kan sa a ce iska ce, a wuni ana hayaƙi da ruƙiyya. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, ana iya yin ta a cikin mota da bakin gado. Abin da ba a iya dawo da shi shi ne awannin da suka wuce. Idan jijjiga ta kama yaro a hanya, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a yi masa ɗure da jiƙo ko manja, don yana iya shaƙewa ya wuce huhu.

Ɗibar ruwan baya

Tsoron wannan gwaji ya sa iyalai da dama suna ɗauke maras lafiya daga asibiti. Dalilin tsoron a fili yake: an ga an ɗebi ruwan wani ya rasu, an ɗebi na wani ya tashi ba ya tafiya. Amma waɗanda ake yi wa gwajin su ne waɗanda ciwon ya riga ya yi wa mugun kamu, kuma mutuwa da shanyewar jiki aikin cutar ne.

Ga yadda ake yi. Maras lafiya zai kwanta ta gefe ya naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji don ƙasusuwan baya su buɗe. Ma'aikaci zai laluba saman ƙasusuwan ƙugu biyu, ya bi layin da ya haɗa su zuwa tsakiyar baya, ya wanke wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya sa siririyar allura tsakanin ƙashi na 3 da na 4 ko na 4 da na 5 na gadon baya ta ƙasa. Laka a jikin babba tana ƙarewa ne a wajen ƙashi na 1 zuwa na 2, wato allurar tana shiga ƙasa da inda lakar ta tsaya. Ruwan da ake ɗiba mililita 1 ne zuwa 3, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma jikin babba na mayar da shi cikin 'yan mintuna. Illar da aka fi gani ita ce ciwon kai idan an miƙe tsaye, wanda kan wuce cikin 'yan kwanaki.

Akwai lokutan da likita da kansa zai ɗage gwajin: idan maras lafiya ya yi doguwar suma, ko jininsa ya faɗi, ko jijjiga ba ta tsaya ba, ko ɓari ɗaya ya shanye, ko akwai matsalar daskarewar jini, ko ƙurji a wurin da za a soka. A irin wannan hali ana fara magani ne, gwaji ya biyo baya.

Tun a ido ruwan ke fara ba da labari: garau ko gurɓatacce. A ɗakin gwaji za a ƙirga fararen ƙwayoyin jini, a auna sukari, wanda ke faɗuwa ƙasa da kashi 40 cikin 100 na sukarin jini idan bakteriya ce, a auna furotin, wanda ke hawa. Sai a shuka ƙwayar, wato a raine ta a ɗakin gwaji har ta yi yawa, don a san maganin da ke kashe ta, a kuma aika wani kaso babban ɗakin gwaji, kamar na hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, da ke Gaduwa a Abuja ko cibiyar CERMES a Yamai, don gano nau'inta. Kuskuren da aka fi yi shi ne sa ruwan da za a shuka a firji. Sanyi na kashe meningokokas. Ko dai ya isa ɗakin gwaji cikin awa ɗaya, ko a zuba shi a kwalbar Trans-Isolate da aka tanada don doguwar tafiya. Haka kuma kafso ko allurar da aka sha a kemis kafin zuwa asibiti na iya hana ƙwayar tsirowa a gwaji alhali ba ta warkar da ciwon ba.

Amfanin gwajin ya wuce maras lafiya ɗaya. Sai an tabbatar da nau'in ƙwayar kafin a saki allurar riga-kafi daga rumbun ajiya na duniya. Garin da kowa ya ƙi gwaji ya jinkirta wa kansa allura.

Magani

Idan ba a yi magani ba, sanƙarau na meningokokas na iya kashe rabin waɗanda ya kama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin masu sanƙarau na bakteriya, mutum 1 cikin 6 na rasuwa, 1 cikin 5 kuma na tashi da nakasa. Abin da ya fi rage waɗannan alƙaluma shi ne saurin allurar farko, kuma ƙa'ida ita ce a yi ta cikin awa ɗaya da isowa asibiti, ba tare da jiran sakamakon gwaji ba.

Maganin da aka fi dogara da shi shi ne seftiriyazon, ta jijiya ko ta tsoka. Ga yara, miligiram 100 ne a kan kowane kilo na nauyin jiki a kullum, kada ya wuce giram 4. Manya giram 4 ne a kullum, a haɗe ko a raba biyu. Lokacin annobar meningokokas ana yin kwana 5 ga wanda ya wuce wata biyu, nimokokas kuwa na buƙatar kwana 10 zuwa 14. Jarirai sababbin haihuwa, musamman masu shawara, haɗinsu daban ne. A da ana amfani da allurar kuloramfenikol mai mai, wadda dattawa da yawa ke tunawa, amma an bar ta.

An kawo waɗannan alƙaluma ne don mai jinya ya gane inda ake kuskure, aikin kuwa na asibiti ne. Kwalbar seftiriyazon galibi giram 1 ce. Yaro mai kilo 15 yana buƙatar kwalba ɗaya da rabi kullum, mai kilo 30 kwalba uku. Kwalba ɗaya da za a yi wa matashi a kemis, wadda ta isa wani ciwon, ba za ta tara maganin da zai tsallaka shingen ƙwaƙwalwa ya kashe ƙwayar ba. Zazzaɓi zai ɗan sauka, iyali su saki jiki, ciwon kuma yana ci. Haka dakatar da allura a kwana na biyu don maras lafiya ya farfaɗo ko kuɗi sun ƙare. Idan an ayyana annoba, galibi akan buɗe cibiyoyin da ake ba da maganin kyauta, ya kamata a tambaya.

Ban da allura, maras lafiya na buƙatar ƙarin ruwa gwargwado, auna sukarin jini, maganin tsayar da jijjiga, iskar oksijin idan numfashi ya yi rauni, abinci ta robar hanci ga wanda ba ya iya haɗiya, da juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. Bayan awa 24 da fara magani mai aiki, ba ya ƙara yaɗa cutar.

Mutanen gidan fa?

Waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da maras lafiya, ko suka taɓa yawunsa da majinarsa a makon da ya gabaci bayyanar ciwon, su suka fi shiga haɗari. Akan ba su maganin share ƙwayar daga maƙogwaro: ƙwaya ɗaya ta sifurofulokzasin mai miligiram 500 ga babba, yara gwargwadon shekaru, masu ciki kuma allurar seftiriyazon miligiram 250 sau ɗaya. Ya fi amfani idan an ba da shi a ranar farko, kuma duk da haka a sa musu ido har kwana 10. A 2017 an gwada wani abu a gundumar Madarumfa ta jihar Maraɗi: ƙauyukan da aka ba kowa da kowa wannan ƙwaya bayan samun mai cutar na farko sun sami ragin kamuwa da kusan kashi 60 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda ba a ba kowa ba. Wannan mataki ne da hukumar lafiya ke yankewa. Idan kowa ya riƙa saye yana sha duk bazara, maganin zai daina aiki a kan wannan ƙwaya da wasu.

An yi riga-kafi, me ya dawo da shi?

Annobar 1996 zuwa 1997 ita ce mafi muni da aka rubuta a Afirka: sama da mutum 250,000 suka kamu, kimanin 25,000 suka rasu. A Najeriya kaɗai an ƙirga sama da 109,000 a 1996, da mutuwar fiye da 11,000. Nau'in A ne, wanda a lokacin ke haddasa sama da kashi 80 cikin 100 na annobar yankin. Allurar da ake da ita a wancan zamani ba ta wuce shekara uku tana aiki, ba ta kama jikin 'yan ƙasa da shekara biyu sosai, kuma ba ta korar ƙwayar daga maƙogwaro.

Wata sabuwar allurar riga-kafin nau'in A mai suna MenAfriVac ce ta sauya lamarin. Kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa ta a kan ƙasa da rabin dala kowace allura. An fara ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, Najeriya ta bi daga 2011, ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Tana daɗewa a jiki, tana kuma share maƙogwaro, don haka har wanda ba a yi wa ba yana samun kariya. A Chadi, yankunan da aka yi ta sun ga ragin kashi 94 cikin 100. Tun 2017 ba a sake tabbatar da nau'in A a yankin ba. Wato allurar da mutane ke tunawa ta yi aikinta.

Sauran nau'o'in ne ba ta taɓa ba. W ya yaɗu ta hanyar aikin Hajji na 2000, abin da ya sa Saudiyya ta wajabta wa maniyyata allurar A, C, W da Y aƙalla kwana 10 kafin shiga ƙasar, ya kuma yi ɓarna a Burkina Faso a 2002. X ya ɓulla a Nijar a 2006. A 2013 kuma wani sabon reshe na C ya bayyana a yankin Sakkwato, ya kama sama da mutum 8,000 a Nijar a 2015, sannan a 2016 zuwa 2017 ya kama sama da 14,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 1,100, Zamfara ce kan gaba. A lokacin gwamnan jihar, Abdul'aziz Yari, ya danganta annobar da saɓon Allah, Sarkin Kano na lokacin Muhammadu Sanusi II ya fito ya soki maganar. Abin da ke ƙasa shi ne allurar C ta yi ƙaranci a duniya a shekarar, mai inganci kuma ta yi tsada, ta iso bayan cutar ta yi nisa.

Wannan giɓi ne Men5CV ta zo cikewa. Allura ɗaya ce mai kariya daga A, C, W, Y da X. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ingancinta a watan Yulin 2023, Najeriya kuma ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da ita a watan Maris na 2024, a Jigawa da Bauchi da Yobe. Tana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin kariya ta kama. Ba ta kare mutum daga nau'in B ko nimokokas ko hemofilas. Riga-kafin nimokokas da na hemofilas suna cikin alluran jarirai na mako 6 da 10 da 14, allurar sanƙarau ta A kuma an sa ta a jadawalin Najeriya a 2019, ana yi a wata 9 tare da ta ƙyanda. Duk yaron da aka haifa bayan manyan zagayen baya kuma aka tsallake masa waɗannan, a buɗe yake, kuma irinsu suna da yawa a arewa maso yamma.

Tabon Kano

Ba a yi wa masu ɗari-ɗari da allura adalci ba idan aka tsallake abin da ya faru a 1996. Ana tsakiyar annoba kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara kusan 200 a Asibitin Zana na Kano, rabi aka ba su shi, rabi seftiriyazon. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran kuma an nemi izini da baki. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya rura ƙin allurar shan inna a 2003.

Fushin halal ne. Sai dai Trovan magani ne da ake kan gwadawa, aka kai shi wurin da iyaye ke cikin firgici. Men5CV kuwa ta kammala gwajinta a kan mutum 1,800 a Mali da Gambiya, an wallafa sakamakon, an tantance ta kafin a kawo. Darasin Kano shi ne jama'a su riƙa tambayar sunan allura da wanda ya kawo ta, a ba su kati. Ƙin ta gaba ɗaya yara yake bari a hannun cutar.

Yadda ake gane annoba ta fara

Ƙirga ake yi mako-mako. A yanki mai mutum 30,000 zuwa 100,000, idan aka sami 3 cikin kowane 100,000 a mako ɗaya an shiga matakin gargaɗi, idan ya kai 10 annoba ce. A wurin da bai kai mutum 30,000 ba, 2 a mako gargaɗi ne, 5 annoba. Ana so a fara riga-kafin gaggawa cikin mako huɗu da tsallake wannan iyaka, domin bayan haka amfaninsa na raguwa sosai. Yaron da ya rasu a gida aka binne ba a sanar ba, ba ya cikin wannan lissafi. Kowace ƙaramar hukuma a Najeriya na da jami'in sa ido kan cututtuka, ana kuma kiran NCDC kyauta a 6232. Shugaban makarantar kwana ko alaramman da ya ga ɗalibi ɗaya da waɗannan alamu, ya sanar a ranar. Sallamar ɗalibai su watsu garuruwansu kafin jami'an lafiya su duba su na iya kai ƙwayar inda ba ta je ba.

Bayan an sallamo

Kurumta ce nakasar da ta fi yawa, kuma ta fi saurin ɓoyewa, musamman idan kunne ɗaya ne ko yaron bai fara magana ba. Duk wanda ya tashi daga sanƙarau na bakteriya ya kamata a auna jinsa kafin sallama ko cikin mako huɗu, ko da iyaye na ganin yana ji. Dalilin gaggawar shi ne kumburin na iya sa ɓangaren kunne na can ciki ya fara rikiɗa ƙashi cikin makonni, wanda ke wahalar da duk wani aikin gyara daga baya. A gida ana iya tsayawa bayan yaro inda ba ya gani a kira sunansa da murya ƙasa-ƙasa, ta dama sannan ta hagu.

Sauran abubuwan sukan fito a hankali: farfaɗiya, raunin hannu ko ƙafa, matsalar gani, mantuwa, saurin fushi, da koma-baya a karatu. Yaron da ya dawo makaranta ba ya amsa kira ko ba ya riƙe hadda kamar da, kunnensa da ƙwaƙwalwarsa ya kamata a duba kafin a kira shi mai taurin kai a ɗauko bulala. Ga jarirai, a riƙa auna zagayen kai a asibiti kowane wata, domin tabon kumburin na iya toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa ya taru. Idan kai na girma fiye da kima, ko idanu na kallon ƙasa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya dawo bayan an gama allurai, a koma asibiti a ranar ba tare da jiran ranar da aka rubuta a kati ba.